Daren da Aka Daina Kiran Suna

A shekarar 1967 wasu samari a birnin Pittsburgh na Amurka, waɗanda abincinsu ke fitowa daga shirya tallace-tallacen talabijin, suka gaji da tallar sabulun wanki da giya, suka ce su ma fim za su yi. Su goma suka haɗa kai, kowa ya kawo dala 600, suka sa wa ƙungiyarsu suna Image Ten. Kuɗin bai kai su ko'ina ba, sai da suka yi ta neman masu zuba jari har abin da aikin ya ci ya kai wajen dala 114,000, kuɗin da ko a wancan zamanin bai taka kara ya karya ba a ma'aunin Hollywood. Abin da ya fito shi ne Night of the Living Dead, wato daren matattu masu rai. George Romero ne ya ba da umarni, shi da John Russo suka rubuta labarin, aka fara haska shi ranar 1 ga Oktoba, 1968.

Talaucin fim ɗin ba ɓoyayye ba ne. Hoton baƙi da fari ne a lokacin da kala ta riga ta mamaye gidajen silima. Jinin da ake gani ruwan cakulan ne na kamfanin Bosco. Naman da matattun ke yaga gasasshen nama ne da kayan ciki, gudummawar wani mai zuba jari da ke sana'ar fawa. Gidan da aka ɗauki yawancin fim ɗin tsohon gidan gona ne kusa da garin Evans City, wanda dama an yi niyyar rushe shi. Furodusoshin biyu, Russell Streiner da Karl Hardman, su da kansu suka shiga gaban kamara, yarinyar da ta fito a matsayin 'yar Hardman kuma 'yarsa ce ta cikinsa. Kiɗan ma ba don fim ɗin aka tsara shi ba, daga ma'ajiyar tsofaffin kaɗe-kaɗen haya aka kwaso shi.

Duk da haka ina sa shi cikin finafinai mafi nauyi da Amurka ta taɓa fitarwa, kuma ba don cin naman ba. Wanda ya saba da finafinan tsoro na yau zai kalli wannan ɓangaren ko gezau ba zai yi ba. Abin da ke riƙe ni kunne ne ke kama shi kafin ido. Cikin minti 96 ana kallon yadda ake janye wa mutane sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da abin da ke halatta a yi musu da zarar an janye.

Fim ɗin ya fara da ziyarar kabari. Johnny da ƙanwarsa Barbra sun yi tuƙin sa'o'i don su ajiye furanni a kabarin mahaifinsu. Johnny yana ta mita, ya ce ko kamannin mutumin ba ya iya tunawa, ya ce an ɓata musu Lahadi. Barbra ta durƙusa tana addu'a, shi kuma ya soma tsokanarta da irin tsoratarwar yarinta, yana canza murya yana gaya mata cewa suna nan tafe za su kama ta. Can nesa wani dogon mutum na tangaɗi tsakanin kaburbura, Johnny ya nuna shi ya ce ga ɗayansu nan. Barbra ta ji kunya, ta nufi mutumin don ta ba shi haƙuri a kan rashin ladabin yayanta. A idonta mutum ne, dattijo a maƙabarta, wanda ya cancanci a girmama shi. Wannan ne karo na ƙarshe a fim ɗin da wani ya tunkari baƙon fuska da ladabi. Mutumin ya cafke ta, Johnny ya shiga tsakani, kansa ya bugu da dutsen kabari, ya kwanta bai ƙara motsi ba.

Daga nan harshe ya soma gazawa. Ben, wanda ya iso gidan gonar da Barbra ta gudu ta fake a ciki, a wata a-kori-kura da manta ya kusa ƙarewa, ba shi da abin da zai kira su da shi sai "abubuwan nan". Rediyo ya fi shi ƙoƙari, amma lalube yake yi a duhu. Da farko mai karanta labarai ya ce annobar kisan gilla ce, wasu makasa da ba a san ko su wane ne ba ke aikata ta. Daga baya ya ƙara da cewa kamanninsu na mutane ne kamar kowa, sai dai kamar ba sa cikin hayyacinsu. Can kuma ya ce suna cin naman waɗanda suka kashe. Sai da aka kunna talabijin sannan aka furta abin da ba ya furtuwa, cewa waɗanda suka mutu kwanan nan ba a kai ga binne su ba ne ke tashi. A nan aka jingina musu sunan gul, wannan halitta ta tatsuniyoyin Larabawa da Turawa suka sani ta hanyar fassarar Dare Dubu da Ɗaya, suka kuma ɗora mata ɗabi'ar tonon kaburbura. Kowane sabon suna da hukuma ta fitar yana ƙara nisanta su daga 'yan Adam da taki ɗaya, kowane taki kuma yana zuwa da sabon izini. Makashi ana kama shi a kai shi kotu. Gul harbinsa ake yi a ka.

Abin lura, kalmar zombi da duniya ta liƙa wa fim ɗin ba ta fito daga bakin kowa a cikinsa ba, ko sau ɗaya. A 1968 kalmar tana da mai ita. Daga Haiti ta shigo Amurka a zamanin da sojojin Amurka suka mamaye ƙasar, tsakanin 1915 da 1934, ta hanyar littafin William Seabrook na 1929 da fim ɗin White Zombie na 1932. Zombin Haiti mamaci ne da boka ya tayar don ya yi masa bauta a gonar rake. Tsoro ne na jikokin bayi, tsoron kada ko mutuwa ta kasa 'yanta mutum daga hannun ubangida. Matattun Romero kuwa ba su da ubangida, ba wanda ya aiko su, ba wanda za a kashe ko a roƙa su koma. Maƙwabta ne kawai, wani da kwat, wata da rigar barci, wani da alamar daga asibiti ya fito. Romero da kansa ya sha faɗin cewa bai ɗauke su zombi ba sai da masu sharhi suka yi ta kiransu haka. Ina ganin an yi asara a wannan raɗin sunan. Kalmar ta rasa tarihin bautar da ke cikinta, matattun fim ɗin kuma suka sami akwatin da aka zuba su aka rufe, alhali ƙarfinsu a 1968 shi ne ba wanda ya san inda zai ajiye su.

Fitowar da ta fi tsaya mini a rai ba ta da jini ko ɗigo. Wani likita ne zaune a ɗakin watsa labarai, ana yi masa tambayoyi, yana amsawa cikin natsuwa irin ta wanda ya saba a saurare shi. Ya ce duk wanda ya mutu, cikin 'yan mintoci zai tashi, saboda haka a fitar da shi bakin titi nan take, a zuba masa fetur a cinna wuta. Ya ce masu makoki su haƙura da jana'iza, domin abin da ke gabansu mataccen nama ne kawai, kuma mai haɗari. Mutanen da ke cikin gidan gonar suna zagaye da akwatin talabijin suna ji, cikinsu har da Helen Cooper, wadda 'yarta Karen ke kwance a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da cizo a hannu.

Mai kallon da ya tashi a inda gawa ke da haƙƙi a kan rayayyu, a yi mata wanka, a suturta ta, a sallace ta, a raka ta makwancinta, zai ji nauyin wannan magana fiye da yadda zai ji ƙarar bindiga. Mamaci ba ya rasa sunansa don ya mutu. Ana cewa marigayi wane, ana yi masa addu'a da sunansa, ana raɗa wa jikoki sunan. Likitan nan cikin jimla biyu ya soke duk wannan. Kuma abin da ke sa fim ɗin ya zama mai ɗaci na gaske shi ne, a cikin duniyar labarin, likitan gaskiya ya faɗa.

Dubi abin da ya sami waɗanda suka ƙi jin maganarsa. Helen ta sauka ƙarƙashin ƙasa ta tarar da Karen durƙushe kan gawar ubanta tana ci. Yarinyar ta miƙe ta nufo ta. Helen babbar mace ce, da ta so da ta ture yarinyar ta haye sama. Ba ta yi ba. Ja da baya take tana kiran sunan 'yarta, tana lallashinta da muryar uwa, har ta yi tuntuɓe ta faɗi. Karen ta ciro cokalin birkila daga bango ta yi ta caka mata. Barbra kuma, wadda ta kwashe kusan dukan fim ɗin zaune kan kujera kamar an zare mata laka, ta farfaɗo a ƙarshe ta ruga ta taimaka wajen tare ƙofa. Sai ga hannu sanye da safar tuƙi ya dafa ƙyauren. Johnny ne. Da baƙo ne wataƙila da ta yi kokawa. Ganin yayanta ne ya sa jikinta ya mutu, ya rungume ta ya ja ta cikin taron. Matan nan biyu ba wauta ce ta kashe su ba. Sun kasa cewa "abu" ga wanda suka san sunansa, shi ke nan laifinsu.

Da fim ɗin ya tsaya a nan, da darasinsa mai sauƙi ne kuma mummuna: ka taurare zuciyarka ka tsira. Bai tsaya ba. Ya bi waɗanda suka taurare zuciyar ya nuna mana su da rana tsaka.

Kafin a kai can, akwai rigimar da ta cinye tsakiyar fim ɗin. Harry Cooper, mijin Helen, ya dage a kan kowa ya sauka ƙarƙashin ƙasa a kulle ƙofa ɗaya tilo. Ben ya ce wannan tarko ne, gara a zauna sama inda akwai tagogi da hanyar gudu da rediyo. Kowannensu yana da hujja, amma ba hujjar suke yi wa faɗa ba, shugabanci suke yi wa. Ben ya gaya wa Harry ya je can ƙasa ya yi mulkinsa, nan sama shi ke da iko. Mutum bakwai ne a gidan, harshensu ɗaya, ba su iya haɗa shawara ɗaya ba, alhali na waje da ba sa magana kwata-kwata bakinsu ɗaya ne. Harry matsoraci ne, mai son kansa, ya ji ihun mace a sama ya ƙi fitowa, daga baya ya kulle wa Ben ƙofa. Mai kallo yana tsanarsa da hujja. Amma shawarar Ben ta zuwa famfon mai ita ta ƙone biyu daga mutanen gidan, Tom da budurwarsa Judy, a cikin mota, kuma da gidan ya cika da matattu, ɗakin ƙarƙashin ƙasan da Ben ya raina shi ya ɓoye shi har gari ya waye. Fim mai arha da ke neman tafi ba ya yi wa jaruminsa haka. Ba ya sa gaskiya a bakin mutumin banza.

Ben baƙar fata ne. Sauran mutanen gidan duk farare ne. Ba wanda ya ambaci wannan daga farkon fim har ƙarshensa, ko Harry a tsakiyar fushinsa bai furta kalmar da kowane ɗan Amurka na 1968 ke jiran ya ji ta fito ba. Dalilin a fili yake: ba a rubuta Ben a matsayin baƙi ba. A takarda direban babbar mota ne mai kaushin baki. Duane Jones ya zo gwaji ya fi kowa, aka ba shi. Jones malami ne, ya yi karatu a Jami'ar Pittsburgh da Sorbonne ta Faransa, ya kuma taɓa zama a Nijar a wani shirin musayar masu ilimi. Ya ƙi yin magana irin ta jahilin da aka rubuta, ya gyara kalaman Ben suka zama na mutum mai natsuwa da tsari. Ana jin haka a wurin da yake ba Barbra labarin abin da ya gani a wani gidan abinci, motar dakon mai tana ci da wuta, matattu na binta, yana faɗa yana ɓalle ƙafafun tebur don ya toshe taga, muryarsa ba ta tashi ba. Sai kuma wani ɗan ƙaramin abu da nake so ƙwarai: ya lura Barbra ba takalmi a ƙafarta, ya binciko wasu a cikin kabad, ya durƙusa ya sa mata da hannunsa.

To amma masu kallo a 1968 suna da idanu. Sun ga baƙin mutum ya doki farar mace bayan ta mare shi, ya naushi farin mutum, daga baya ya harbe shi. A shekarar da ta gabata kaɗai Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin da suka hana aure tsakanin baƙi da fari. Shirun da fim ɗin ya yi a kan launin Ben bai sa launin ya ɓace ba, sai ma ya bar wa mai kallo aikin furta shi a ransa.

Gari ya waye. Jirgi mai saukar ungulu na shawagi, 'yan sa-kai farare riƙe da bindigogin farauta sun jeru suna ratsa fili, 'yan sanda na jan karnuka. Shugabansu mutum ne mai fara'a, harsasai rataye a ƙirji, yana amsa tambayoyin ɗan jarida kamar mai ba da labarin farautar gada. Ɗan jaridar kuwa Bill Cardille ne, sanannen ma'aikacin talabijin na Pittsburgh, ya fito da sunansa na gaskiya. Nan ne talauci ya yi wa fim ɗin rana. Labaran talabijin na lokacin yawanci baƙi da fari ake kallonsu a gidaje, da kamarar da ke rawa a kafaɗa, irin hoton da ake ganin yaƙin Biyetnam da shi kowane dare, irin wanda aka ga karnukan 'yan sandan Birmingham da shi suna yagar masu zanga-zanga a 1963. Fim ɗin bai yi kama da silima ba, ya yi kama da labarai.

Ben ya ji haushin karnuka da harbi, ya hauro a hankali, bindiga a hannu, ya leƙa ta taga. Wani daga waje ya ga motsi. Shugaban ya ce masa ya auna tsakanin idanu. Harbi ɗaya, Ben ya faɗi. Shugaban ya yaba wa maharbin, ya ce ga wani kuma na wuta. Ba wanda ya ɗaga murya ya tambaya ko akwai mai rai a ciki. Tambayar ba za ta ci daƙiƙa biyu ba, kuma ita kaɗai ce ke raba rayayye da matacce a wannan safiyar, tunda matattun ba sa amsawa. Amma mutanen nan sun kwana suna harbin abubuwa, bakinsu ya riga ya saba, duk abin da ya motsa a bayan taga abu ne. Daga nan hoton ya daina motsi, ya koma hotuna tsayayyu masu dishi-dishi irin na jarida. Ana ganin maza da ƙugiyoyin mahauta suna jan gawar Ben, suna ɗora ta kan tsibin itace kusa da dogon mutumin maƙabarta. Duk wanda ya taɓa ganin tsofaffin hotunan da fararen kudancin Amurka ke ɗauka suna tsaye kan gawar baƙin da suka kashe zai gane su nan take.

Romero ya yi ta nanata cewa ba da niyyar yin magana a kan launin fata suka yi ba. Ya ba da labarin cewa sun ɗauko fim ɗin a bayan mota za su New York neman mai saye, sai suka ji a rediyo an harbe Martin Luther King, ranar 4 ga Afrilu, 1968. Na yarda da shi, ba na zarginsa da ɓoye wata manufa. Amma ban yarda cewa rashin niyya ya kashe maganar ba. Mai fim yana da ikon abin da ya ɗauka, ba shi da ikon abin da ƙasarsa ta riga ta koya wa idon mai kallo. Ana iya cewa 'yan sa-kan ba su ga launin Ben ba, inuwa kawai suka gani, kuma mai yiwuwa haka ne. Wannan bai rage komai ba. Mutanen da aka ba izinin harbi ba tare da tambaya ba, tarihi ya nuna a kan wa kuskurensu ya fi faɗawa.

Fim ɗin yana da aibobinsa, kuma ba ƙanana ba ne. An zalunci Barbra a rubutu. Judith O'Dea, wadda ta fito a matsayinta, ta yi iya ƙoƙarinta, amma an mai da macen da ta tsere wa mutuwa da wayonta a minti goma na farko ta zama kayan ɗaki. Romero ya gane haka, domin da ya sake rubuta labarin don fim ɗin 1990 da Tom Savini ya ba da umarni, ya mai da ita mayaƙiya. Hirar soyayyar Tom da Judy ba ta da gishiri. Bayanin da aka kawo na wani kumbo da ya dawo daga tauraruwar Zara ɗauke da guba ragowar finafinan shekarun 1950 ne, kodayake an kyauta da aka bar masana da soja suna musu a kansa ba tare da an tabbatar ba. Kiɗan hayar kuma wani lokaci yana ihu a inda shiru zai fi.

Masu sharhin farko ba waɗannan suka gani ba, ƙazanta suka gani. Tsarin tantance finafinai bisa shekaru bai fara aiki a Amurka ba sai Nuwamban 1968, don haka aka riƙa haska shi da rana ga yara. Roger Ebert ya shiga irin wannan kallo a Chicago, ya rubuta yadda ihun jin daɗin yaran ya koma shiru, da wata yarinya da ke zaune tana hawaye ba ta motsi. A 1999 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa fim ɗin cikin waɗanda ƙasa za ta adana.

Samarin ba su ci moriyar wahalarsu yadda ya kamata ba, kuma a kan 'yan kalmomi aka yi musu asarar. Sunan da suka kai fim ɗin kasuwa da shi Night of the Flesh Eaters ne. Kamfanin Walter Reade da ya karɓi rarraba shi ya canza sunan saboda akwai wani fim mai kama da shi, wajen sauya allon sunan kuma aka manta da layin haƙƙin mallaka da ke jikinsa. Dokar Amurka ta lokacin ta ce aikin da ya fita ba wannan layin ya zama na kowa. Fim ɗin ya tara miliyoyin daloli, kowa ya buga kwafinsa ya sayar, masu shi suna kallo.

Da sun so, da tun farko sun sami kamfanin da ya fi wannan ƙarfi. Columbia ta ƙi shi saboda ba kala. American International Pictures ta nuna sha'awa, da sharaɗin a sassauta shi a kuma canza ƙarshen ya zama mai daɗi. Mutanen da ke da bashi a wuya, waɗanda ba su taɓa sayar da fim ba, suka ce a'a. Duane Jones ma yana cikin masu wannan ra'ayi. Ya faɗa daga baya cewa ya nuna wa Romero baƙaƙen Amurka za su gwammace su ga Ben ya mutu da a cece shi ta hanyar da kowa ya san ƙarya ce.